Kumfa Yatsa Uku

A duk ƙauyen Zahorna babu wanda ya kai Lubor Pazdera iya wulaƙanta giya mai sanyi. Ba zubar da ita yake yi ba. Ajiye ta yake a gabansa ya yi ta ɗaukar ta hoto har sanyin ya fita, kumfar ta kwanta, sannan ya ɗaga ya sha abin da ya rage yana ɓata fuska, sai ka ce wani ne ya cuce shi. Shekara talatin da huɗu yana wannan hali, kuma har yau abokin teburinsa Otakar, tsohon mai rabon wasiƙu, bai gaji da zolayarsa ba.

"Sha abinka, tsoho. Amarya ce da za ka tsaya kana zagaya ta?"

"In ka gama surutun ka kauce, kana tare mini haske."

"Hasken ma ya gaji da kai."

Direban bas ne Lubor kafin ya yi ritaya, kuma aikin ne ya jawo masa wannan ciwo. Layinsa daga Pelhrimov yake tashi, ya ratsa ƙauyuka goma sha ɗaya, ya ƙare a ƙofar wata mashaya, inda doka ta ba shi minti ashirin ya huta kafin ya juya. To, direba ba ya taɓa giya a bakin aiki. Sai ya zauna da ruwan lemonsa yana kallon manoma suna kai kofuna baki, yana haɗiyar yawu. Wata rana da zafi ya tsananta, aka dire wa wani mai tarakta kofi kusa da taga, rana ta ratsa ta cikinsa, raɓa na gangarowa a jikin gilashin. Lubor ya ciro tsohuwar kyamarar da ya saya don bikin baftismar 'yarsa, ya ce wa mutumin ya dakata. Tunda ba shi da ikon sha, sai ya tafi da ita gida a fim.

Daga nan abu ya zama jiki. Matarsa Jarmila, Allah ya ji ƙanta, ta haƙura da banɗakinta, domin duk Lahadi a can yake wanke hotuna, ya rataye su a igiyar shanya tsakanin safa da tawul. Takan ce hoton giya ya fi na 'yarsu yawa a gidan sau ɗari, kuma ba ta yi masa ƙage ba. Mashaya sittin da uku ya ɗauka a gundumar, kowacce da shafinta a kundi, da sunan ƙauyen da sunan mai zubawa a ƙasa. Sannu a hankali ya fara komawa kundin da jan biro. Ta Olsina ta zama shagon gyaran gashi. Ta Bukova mai ita ya mutu, 'ya'yansa suka sa kwaɗo suka koma birni. Ta ƙarshen layin ma, inda abin ya faro, yanzu wani ke ajiye buhunan taki a ciki. Duk wadda aka rufe sai ya ja mata layi a kusurwar shafi, kuma ya riga ya ja arba'in da huɗu. Ba ya ƙorafi a kai. Yakan rufe kundin ne kawai ya daɗe zaune.

A cikin waɗanda suka rage, guda ɗaya ce tasa: mashayar Draha, taku ɗari biyu daga ƙofarsa. Aji ɗaya suka yi da Drahomira, wato Draha, a firamare, tun tana ɗauke masa alli. Shekara arba'in da ɗaya tana tsaye a bayan famfon giyar nan, rabinsu ita kaɗai tun rasuwar mijinta Vendelin, kuma kowa ya san babu hannu irin nata daga nan har Pelhrimov. Kofi a wajenta da burushi ake wanke shi a ruwan sanyi, a ɗauraye, a tsunduma shi cikin kwamin ruwa mai ƙanƙarar da yatsa, a ciro shi a jiƙe a kai bakin famfo. Tsumma ba ya kusantarsa. In an yi haka, kumfa za ta tsaya yatsa uku, mai kauri kamar kindirmo, jikin gilashin ya fito tas ba ɗigon iska ko ɗaya maƙale, kuma kowace kurɓa za ta bar sawunta a jikin kofi, layi bisa layi har ƙasa. In kuwa da ɗan maiƙo, ko an goge da tsumma, to giyar da kanta za ta tona asiri.

Hoton Lubor na farko kullum iri ɗaya ne. Da zarar ta kawo kofin da hannun hagu tana shirin saki, sai ya ce, "Tsaya haka." Wai a lokacin ne kumfa take cikin ganiyarta. Ita kuma ta tsaya tana harararsa.

"Ka yi sauri, ina da miya a wuta."

Bayan rasuwar Jarmila, 'yarsa da ke Brno ta ga zaman kaɗaici zai kashe shi, ta saya masa sabuwar kyamara, ta shigar da shi wani zauren masoya giya a intanet. Mutanen zauren nan ba su da imani ko kaɗan. Mutum ya sa hoton kofinsa cikin farin ciki, sai su ƙara girmansa su ƙirga masa ɗigon iska, su ce mai mashayar ta koma sayar da shayi. Amma giyar Draha ba wanda ya taɓa samun abin faɗa a kanta. Duk Juma'a Lubor zai sa hoto guda, ya rubuta kwanan wata da sunan gari, shi ke nan. Ba a shekara biyu ba sai ga masu kekuna suna kwararowa Zahorna da bazara, sanye da matsattsun wandunansu masu ban kunya, suna tambayar ina mashayar da ake gani a hoto. Wannan ya yi wa garin rana, domin ginin na majalisar ƙauye ne, rufinsa na yoyo, kuma akwai wani mai sayar da tayoyi da ya daɗe yana zagaya shi. Magajin gari, Radim, yaron da Lubor ya sha kaiwa makaranta a bas, ya faɗa a fili cewa muddin baƙi na zuwa, ba wanda zai taɓa Draha.

A wani watan Oktoba ne abin ya soma. Lubor ya koma gida da hoton Juma'a, ya buɗe shi a kwamfuta, ya ga ƙananan ɗigon iska sun yi cincirindo a gefen kofin. Ya goge tabarau ya sake dubawa, suna nan. Ya ce tsautsayi ne, kowa yana da ranarsa, ya lalubo wani hoto na shekarun baya ya sa a madadinsa. Mako ya zagayo, haka. Kumfar ma ta zama mai manyan idanu irin ta sabulu, kafin ka ɗaga kai ta faɗi, kuma in an shanye kofin sai ya tsaya tsirara ba sawu ko ɗaya.

Ya yi niyyar yi mata magana, a bar shi da wannan. Sau biyu yana zuwa da wuri kafin kowa, ya jingina da kantar mashayar, ya buɗe baki, sai ya tambaye ta farashin itace. Ka ce wa macen da ta shekara arba'in a bakin famfo kofinta ba shi da tsabta? Gara ka zagi kabarin mijinta. A ransa ya yanke cewa tsufa ne, ko kasala, ko bututun giyar ne ya daɗe ba a wanke ba, kuma abin zai gyaru da kansa. Gaskiyar maganar ita ce ya gaji. Ya gaji da jan biro, ya gaji da ƙofofi masu kwaɗo, kuma ya san in wannan ta tafi ba shi da sauran wurin da zai zauna da la'asar a kira sunansa. Saboda haka ya ci gaba da cewa "tsaya haka" duk Juma'a, ya koma gida ya binne sabon hoton inda ba mai gani, ya ciro tsoho ya sa masa sabon kwanan wata. Yana da dubbansu. Yana kula sosai da kada hasken bazara ya fito a hoton hunturu, yana duba labule, yana duba faifan kwalin da ke ƙarƙashin kofi. A ganinsa bai bar ƙofa ba.

Bazara ta zo, masu kekuna suka zo. Lubor yana zaune a kusurwarsa yana kallon su suna ɗaga kofi sama, su dubi juna, su sha rabi, su tashi ba hayaniya. Wani ya rubuta a zauren cewa abin da ya tarar ba shi ne na hoto ba. Lubor ya mayar masa da martani mai zafi, ya ce wanda ya yi gudun kilomita arba'in a rana harshensa ba abin dogaro ba ne. Mutanen gari kuwa kowa ya kama bakinsa, kamar yadda muka saba. Otakar ne kaɗai bai san komai ba, domin taba ta daɗe da kashe masa harshe. Shi ne ma yake leƙa wayarsa duk Asabar ya ɗaga murya ya ce, "Draha, an sake yabon ki. Mutum tamanin sun ce babu kamar ki." Ita kuma ta gyaɗa kai ba tare da ta juyo ba, don ba ruwanta da waya, bare intanet.

Da bikin cocin gari ya ƙarato, a mako na biyu na Nuwamba, Radim ya tare shi a ƙofar kanti.

"Kawu Lubor, bana ina so mu yi wani abu. Ka wanke mana hotunan Juma'a duka tun daga bikin bara, mu jera su a bangon zauren mashaya. Majalisa za ta zauna kan maganar ginin bayan biki, gara su gani da idonsu."

"Wa zai so kallon kofi hamsin da biyu?"

"Kai ka kalli dubu goma ba ka mutu ba, Kawu."

Babu hanyar zillewa. Ya hau bas, a kujerar fasinja, ya je Pelhrimov aka wanke masa su manya-manya, ya zauna da hannunsa ya rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne. Ranar Asabar da hantsi shi da Otakar da Radim suka yi ta buga ƙusa, ƙamshin naman dinyar da ake gasawa don gobe ya cika wurin. Da suka gama, bangon ya yi kyau ƙwarai, har shi kansa Lubor ya ɗan manta abin da ya aikata.

Draha ta fito daga kicin tana tafiya a hankali. Ta fara daga hoton farko, tana bin su ɗaya bayan ɗaya, hannayenta a cikin aljihun gaban rigar aikinta. A kan na watan Fabrairu ta tsaya. Ta matsa kusa, ta daɗe, sannan ta wuce zuwa Maris, da Yuni, har ƙarshen bango. Radim na ta zuba yabo. Ta jira sai da ya ja Otakar suka tafi ɗauko kujeru a makaranta.

"Zo nan, Lubor."

Ya je bakin kanta. Ta ciro hannayenta ta shimfiɗa su a kan katakon.

Shekara talatin da huɗu hannun nan yana shiga hotonsa, amma ranar ya fara ganinsa. Gaɓoɓin sun kumbura sun yi jajur, yatsun sun karkace gefe guda, babban ma ba ya miƙewa. A yatsan zobe na hagu akwai wani farin kwari da ya zagaye shi, ba komai a kai. Lubor ya juya ya dubi bango. A kowane hoto, kusa da marikin kofi, zoben Vendelin na nan yana ɗaukar ido.

"Farkon Fabrairu aka yanke shi a asibiti," in ji ta. "Da ɗan zarto. Yatsan ya fara baƙi. Ranar da na dawo kana zaune can, na kawo maka kofi da bandeji a hannuna, ka ce in tsaya haka."

Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Tun yaushe kake sa tsofaffi?"

"Tun Oktoban bara."

"Duka ke nan."

"Duka."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta jawo kujera ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba a bayan kantar.

"Ruwan sanyin ne. In na tsoma hannu sai in ji kamar ana sassara mini ƙashi. Shi ya sa na koma ruwan ɗumi, in goge da tsumma in huta. Ka ɗauka ban san abin da nake zubawa ba? Makauniya ce ni? Amma duk Asabar wancan sakaran zai ce an yabe ni, sai in ce a raina, to, tunda Lubor yana ɗauka yana sawa, abin bai kai yadda nake tsoro ba. Ai shi ba ya yafe wa kowa ɗigon iska. Kai ne ma'aunina, tsohon banza. Kai kaɗai."

"Tsoro na ji kada a rufe, Draha."

"Kujerarka ka ji wa tsoro. Da ni ka ji wa, da ka tambaye ni me ya same ni." Ta murza gaɓar yatsanta. "Da ka buɗe baki tun bara, da na nemi mai taya ni wanki, ko in sauka da mutuncina. Sai ka bar ni shekara guda ina ba baƙi ruwan wanke-wanke, suna tafiya suna yi da ni a hanya."

Kunya ta rufe Lubor.

Da Radim ya dawo da kujeru, ta gaya masa a tsaye, ba kwana-kwana: ƙarshen shekara za ta ba shi makulli, majalisa ta yi abin da ta ga dama da ginin. Ya yi ta lallashi, Inna kaza, Inna kaza, har ya ce za a samo mata injin wanki. Ta ce shekararta saba'in da ɗaya, kuma ta riga ta ji abin da take buƙatar ji. Sannan ta ce a sauke hotunan. Otakar yana ta tambayar me ya faru, ba wanda ya tanka masa. Lubor da kansa ya sauke su ɗaya bayan ɗaya, ya bar ƙusoshi hamsin da biyu a bango.

Da wurin ya yi shiru, ya ajiye kyamarar a kan kantar, ya naɗe hannun riga, ya zagaya baya inda bai taɓa taka ƙafa ba. Ta dube shi ba ta hana shi ba. Ya buɗe famfon ruwan sanyi ya cika kwami, ya ɗauki burushi.

"Ba haka ba. Juya shi. Har gindi. Kai da ka iya kushe na mutane."

A kofi na biyu yatsunsa suka fara zugi. A na huɗu ya daina jin su gaba ɗaya, zafin ya haura har gwiwar hannu, ya ciro su ya cusa a hammata yana tsalle-tsalle a wuri ɗaya. Ya tuna cewa ranar biki kofi ɗari uku take wankewa, ita kaɗai, kuma bara ma ta wanke.

Ta karɓi kofin a jiƙe, ta karkata shi a bakin famfo, ta buɗe da gefen tafin dama tunda yatsun ba sa kamawa. Kumfa ta taso ta tsaya yatsa uku, gilashin tas. Ta dire shi kusa da taga ba ta saki ba.

"Ɗauka," in ji ta. "Na tsaya."

Hoton nan kaɗai aka rataye ranar biki, a ƙusar tsakiya. Lubor ya yi makonni bakwai ɗin da suka rage a bakin kwami, tun daga sha ɗaya na safe, kuma giyar Draha ta dawo yadda take, sai dai lokacin masu kekuna ya wuce, ba baƙon da ya zo ya shaida. A watan Janairu mai tayoyi ya kawo motarsa. Lubor ya buɗe kundi ya ja layi na arba'in da biyar.

Amma kafin nan, a Juma'ar da ta biyo bayan biki, ya sa hoton a zauren intanet da kwanan watansa na gaskiya. A cikinsa kumfar ta dushe, ba mai iya rantsewa yatsa uku ce ko biyu. Abin da ya fito sarai shi ne hannun da ke riƙe da kofin, da kumburinsa, da farin kwarin da zobe ya bari. Mutum huɗu ne kawai suka tanka. Wani daga Plzen ya rubuta cewa tsufa ya cim ma Malam Pazdera, ya fara kasa saita kyamara a kan giya. Lubor ya karanta, ya kashe kwamfutar, ya sa kwat ya fita, don sha ɗaya ta kusa kuma kofunan jiya na jiran sa.